Motar Gida: Mu Danƙa wa Yaranmu Amanar Tsaftarta

Jawabin kwamitin tarbiyya da walwalar iyali a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Hajiya Shugaba, iyayenmu da suka dasa wannan ƙungiya, manyan baƙi, yayyenmu da ƙannenmu, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sake ganin zagayowar wannan rana. Sannunku da zama. An ji bayanin kuɗi, an ji na rabon riba, mun kuma san ciki ya fara kiran ciroma, don haka za mu yi ƙoƙari kada mu ja ku da nisa.

Da aka ce kwamitinmu ya kawo abin da za a tattauna bana, sai muka tsayar da magana a kan motar gida da yadda za mu sa yaranmu su ɗauki nauyin tsaftarta. Mun san wata za ta ce a ranta: duk abin da ke damun mata a ƙasar nan, a rasa na magana sai wankin mota? To 'yar'uwa, ki ɗan ba mu aron kunne. Maganar ta shafi dukiya, ta shafi tarbiyya, a wani wurin ma har rai ta shafa.

Mu fara da dukiyar. Duk wadda ta taɓa zama a kwamitin rance ta san abin hawa yana cikin manyan abubuwan da ake neman kuɗi dominsu. Wata kwasar adashinta aka haɗa da kuɗin maigida aka sayi 'yar ƙaramar mota ta kai yara makaranta. Wata ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta tara shekara da shekaru ta sayi a-daidaita-sahu, ana kawo mata balas kowace yamma. Wata babur ta saya wa ɗanta yana kai mata kaya kasuwa. Saboda haka idan muka ce mota a jawabin nan, kowa ta sa abin da ke ƙofar gidanta. Wadda ba ta da ko ɗaya, ta sa keken ɗinkinta, ko injin markaɗenta, ko firizar da take sayar da ƙanƙara. Darasin duk ɗaya ne.

Kowa a nan ta san yadda abubuwa suka juya. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Dalar da ake canzarwa a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai, a shekarar 2024 ta wuce 1,500. Motocinmu kuwa yawancinsu na hannu ne da ake shigowa da su daga waje, kayan gyaransu ma daga can suke zuwa. Ma'ana, motar da ke ƙofar gidanki yau, in ta tashi aiki, ba lallai ki iya sayen irinta ba ko da kin sake kwasar adashi sau biyu. Abin da ke hannu shi za a lallaɓa.

Wata za ta ce ai datti ba ya kashe mota. Yana kashewa, sai dai irin cin gara yake yi, a hankali, ba a ankara. Ku duba hunturu. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu ko Maris iska tana kwaso mana ƙura daga Sahara, babban kaso daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi. A ido ƙurar nan kamar gari take, amma a jikin fenti yashi ce. Yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya murza, ko ya sa yatsa ya rubuta sunansa a jikin ƙofa, kowace shafa tana barin kwarzane. A kwana a tashi fenti ya dushe. Ranar da za a sayar, dillali zai zagaya motar sau ɗaya ya zabge kuɗi masu yawa, ba kuma ki da ta cewa. Ƙurar nan ita ce ke toshe matatar iskar inji, ita ke haɗuwa da ganye da leda ta cushe gaban lagireto, inji ya riƙa zafi.

Damina ma da nata. Taɓo yana maƙalewa a ƙarƙashin mota yana riƙe danshi, tsatsa ta samu wurin zama. Yara su shigo da jiƙaƙƙen takalmi, kafet ya sha ruwa, a ɗage gilashi a rufe. Bayan kwana biyu mota ta ɗauki wari, ƙarfen da ke ƙarƙashin kafet ɗin kuma yana ciwuwa. Inuwar darbejiyar da muke ajiye mota a ƙarƙashinta ma tana da nata kuɗin haya, domin kashin tsuntsu in ya kwana biyu rana tana gasa shi, cin fenti yake yi ya bar tabo.

Mu leƙa ciki. Ɓurɓushin biskit, ɓawon gyaɗa, guntun cincin, alawar da ta narke a lungun kujera. Tururuwa ce ke fara zuwa, kyankyaso ya biyo, daga nan sai ɓera. Ɓera kuwa in ya samu gida a mota wayoyi yake ci, kuma duk wadda ta taɓa kai mota wajen mai gyaran wayarin ta san ba a fitowa da dariya. Abin da ya fi duk wannan shi ne na rai. Gorar ruwan da aka yar a ƙasa tana iya gangarawa ta shige ƙarƙashin birki, direba ya taka, birki ya ƙi sauka. Gilashin gaba in ya yi maiƙo, da dare hasken motar da ke tahowa watsuwa yake yi a kansa, har ba a ganin mai tafiya a ƙasa. Fitilar baya in taɓo ya rufe ta, na bayanki ba zai san kin taka birki ba.

To me ya sa yaran da suka fi kowa ɓata motar su ne suka fi kowa nisa da gyaranta? Da muka tattauna a kwamiti, dalilai uku suka fi fitowa.

Na ɗaya, ana jefa umarnin ne a tsakar gida ba a kama sunan kowa ba. "A wanke motar nan!" Babba ya ɗauka da ƙarami ake, ƙarami ya ɗauka da babba ake, rana ta faɗi mota na nan yadda take.

Na biyu, yaro ya saba ganin wani ne ke kwashe abin da ya zubar, ko direba, ko yaron gida, ko almajirin da ke yi mana aike, ko mai wankin mota. Abin da yake koya a nan shi ne akwai mutanen da aikinsu a duniya bin bayansa ne suna kwashe dattinsa. Iyaye, wannan tunanin ya fi dattin motar muni, don shi ba ya fita da sabulu.

Na uku, ba a tuna maganar sai ranar da rai ya ɓaci. An ci ado za a biki, an buɗe mota an tarar da ita kamar juji, sai faɗa ya tashi. Faɗa yana sa a wanke mota yau, amma gobe an koma gidan jiya.

Maganin kuwa yana hannunmu, don da shi muke tafiyar da ƙungiyar nan. Ba mu taɓa tashi a taro mun ce "a kula da kuɗi" mun watse ba. Muna da ma'aji, muna da sakatariya, muna da mai binciken kuɗi, kowa da aikinta da ranar da za ta kawo bayani. Abin da ya riƙe ƙungiya shi zai riƙe mota. Kowane yaro a danƙa masa ɓangarensa da sunansa, a nuna masa yadda ake yi, a sa lokaci, a zo a duba. Yaro ba ya kula da abin da bai san darajarsa ba, ba kuma ya riƙe abin da ba a danƙa masa ba.

Saboda haka matakin farko zama ne, ba bokiti ba. Mu iyaye mata mun iya ɓoye wa 'ya'ya wahala, har su zaci mota daga sama ta faɗo. A tara su a faɗa musu: motar nan zubin wata kaza ce, ɗinkin Sallah kaza ne, tashin asuba kaza ne a bakin murhu. Ranar da za a je wajen bakanike a tafi da babban cikinsu, ya ji kuɗin da ake kira da kunnensa. Ba gori ake yi musu ba, ana sanar da su ne cewa suna da hannun jari a ciki.

Daga nan sai rabon aiki, kowa daidai ƙarfinsa. Ɗan shekara 3 zuwa 5 zai iya tsince leda da takarda da kayan wasa ya zuba a kwando, babba na tsaye a kansa. Ɗan shekara 6 zuwa 9 zai iya fitar da shimfiɗun ƙafa ya kakkaɓe, ya share ƙasa da ƙaramin buroshi, ya goge dashbod da hannun ƙofa da tsumma mai ɗan danshi. Daga 10 zuwa 13 a ba su gilasai da madubai da fitilu da lamba da tayoyi. Wanda ya kai 14 ya ɗauki jikin motar gaba ɗaya, ya kuma shugabanci ƙannensa. Shi ne za a fara koya wa duba baƙin mai da ruwan lagireto da safe kafin a tayar da inji, tare da babba. Kuma tunda mu mutane ne masu son sarauta, a naɗa su mana. Ga Sarkin Gilashi, ga Magajiyar Kujeru, auta kuma Sarkin Shara. Za ku yi mamakin yadda yaro ke kishin rawaninsa.

Kada a ce mota ta maza ce, tsintsiya ta mata. Yarinyar da ke gabanki yau, gobe ita za ta tuƙa kanta zuwa wurin aiki, ita za ta kai ki asibiti da tsakar dare. Gara ta san motar tun yanzu. In ta girma kuma a waje ake ajiye motar, a shigo da ita ciki in da hali, ko a ba ta aikin ciki da sassafe kafin layi ya cika. Namiji ma ya durƙusa ya share ƙarƙashin kujera, babu abin da zai ragu a jikinsa.

Akwai wata magana da sai an yi ta da hattara. Gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya, a raba aikin bisa shekaru, kada a raba bisa ɗaki, kuma maigida ya sanar da bakinsa a gaban kowa. In ba haka ba, wankin mota sai ya zama abin da za a yi wata guda ana gaba a kansa. Haka nan gidan da ke da ɗan riƙo ko agola, a lura kada aikin ya zame ya tare a kansa, 'ya'yan gida suna kallo. Duk wanda ke shiga motar, da shi a cikin rabon.

Yanzu sai koyarwa, don yaron da ba a nuna wa ba, da kyakkyawar niyya zai yi ɓarna. A yi wankin da safe ko da yamma, a inuwa, jikin motar a sanyaye. Ruwan sanyi a kan gilashin da rana ta gasa yana iya tsaga shi, musamman in da ma yana da ɗan tabon dutse. A fara da sharar ciki kafin a taɓa ruwa. In an zo waje, a fara watsa ruwa da kofi a sauke ƙurar tukuna, kafin tsumma ya taɓa jiki. Bokiti biyu ake ajiyewa, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada yashin da aka kwaso ya koma jikin fenti. Daga sama ake farawa a gangaro ƙasa, tayoyi su ne na ƙarshe, kuma da nasu tsumman daban. Tsohuwar rigar auduga mai laushi ta isa, a cire maɓallanta. Ban da soson ƙarfe, ban da soson buhu. Tsumma in ya faɗi ƙasa, a ɗauraye shi kafin a ci gaba.

Garin sabulun wankin kaya yana da ƙarfi, yana cinye man da ke kare fenti, shi ya sa motar da ake yawan wankewa da shi take saurin dushewa. Akwai sabulun ruwa na mota a shagunan kayan gyara, ɗan kaɗan ake ɗigawa, kwalba ɗaya tana daɗewa. In babu, ruwa zalla ma yana fitar da ƙurar hunturu. In an gama a tsane da busasshen tsumma mai tsafta, don ruwan rijiya da na burtsatse in ya bushe da kansa yana barin farin tabo. Maganar ruwa kuwa, mun san da yawanmu wajen 'yan garuwa muke saye. Jarka ɗaya mai lita 25 tana wanke ƙaramar mota in hannu ya iya. Wannan ma darasi ne: a ba yaro jarkarsa a ce da ita zai gama. Ruwan ɗaurayar da ya rage a yayyafa a ƙofar gida ya kwantar da ƙura, kada a bar shi ya kwanta ya tara sauro.

Sai lokaci. Akwai na kullum, akwai na mako. Na kullum doka ɗaya ce, gajeriya, wadda ko auta zai haddace: abin da ka shiga da shi, ka fita da shi. A rataya leda ɗaya a bayan kujera ta zuba shara, duk wanda ke da girkin ranar, wato mai juyin ranar a cikin yaran, shi zai juye ta in an dawo. Ba ya cin minti biyu. Tafiyar cikin gari, ruwa kawai za a sha a mota. Doguwar tafiya kuwa, kamar daga Kano zuwa Kaduna, a tsaya a ci abinci a ƙasa, direba ma ya samu ya miƙe ƙafa. Na mako kuma kowane gida ya duba safiyar da ba ta ci karo da boko ko Islamiyya ba, ya tsayar da ita, kada ta riƙa canzawa. Ga kuma Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano da wasu jihohi, da safe ba a fita. Tunda motar ma a tsaye take, sai a mayar da ita ranar babban wanki, a fitar da komai na cikin but, a shanya shimfiɗu a rana.

In sun gama, a fito a duba. Iyayenmu da ke nan sun tuna zamanin duba-gari, da yake shiga gida ya leƙa randa ya leƙa kwata, kowa na gyara tun kafin ya iso. To uwa ce duba-garin motar gida. A zagaya da su, kowa ya nuna ɓangarensa. In za a yaba, a kama abin da aka yaba: "Kai, madubin nan har ina ganin kwallina a ciki." In da gyara, a nuna wuri ɗaya ko biyu, kada a jero goma. Abin da muke roƙo shi ne kada ki karɓe tsumman ki sake aikin a gabansa. Ranar da kika yi haka kin karɓe amanar da kika danƙa masa, gobe zai jira ki ne. Makon farko gilashi zai fito da zane-zane, mako na biyu ma haka. A yi haƙuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tanƙwarawar kuma ba ta kwana ɗaya ba ce.

A biya su ko kada a biya? Wannan ta ja mu muhawara sosai a kwamiti. Wasu suka ce in ba kuɗi yaran yanzu ba sa motsi. Wasu suka ce wanda aka saba biya, ranar da babu canji ba zai ɗaga tsinke ba. Inda muka tsaya shi ne: kwashe abin da ka zubar da yin ɓangarenka na mako ba su da lada na kuɗi, kamar yadda ba ma biyan yaro don ya wanke kwanon da ya ci abinci. Amma kuɗin da da za a kai wajen wankin mota, a ɗauki wani abu daga ciki a jefa a asusu a gaban idonsu. A misali, a ce naira 1,000 ce duk mako, a shekara ta zama 52,000. In Sallah ta matso a fasa asusun tare, a yi shawarar abin da za a yi da shi tare. Yaro ya ga da idonsa cewa kula da abu ma samu ne. Mai wankin mota kuma ba a raba shi da abincinsa ba, wankin inji da na ƙarƙashin mota nasa ne, ba aikin yara ba ne.

Idan yaro ya ƙi fa? Hukuncin ya fito daga cikin laifin. Wanda ya zubar da lemo shi zai goge, ko da ana kiran sa wasa. Wanda ya bar shara a wurin zamansa, fita ta gaba ya rasa kujerar taga. Ba sai an kai ga bulala ba, ba kuma a hana abinci, ba a kunyata shi gaban baƙi. A faɗi hukuncin tun kafin a yi laifin, in an yi kuma a cika, murya a ƙasa. A nan muna da roƙo ga iyayenmu kakanni. Mun san jika ango ne, jikanya kishiya ce ta wasa. Amma in uwa ta sa doka, a taimaka kada a ce "ku ƙyale mini maigidana, rana ta yi." Maigidan nan naki, Hajiya, gyara miki shi ake yi.

Yanzu mun zo wurin da muke so kowa ta ajiye hira ta saurara. Danƙa wa yaro tsaftar mota daban, sakar masa motar daban. Makulli yana hannun babba, ko da yaushe. Kafin a fara aiki a tabbatar an ja birkin hannu, in wurin da gangara a sa dutse a bayan taya. Babu "bari in ɗan gyara mata tsayuwa." Doka ba ta ba da lasisin tuƙi sai an kai shekara 18, kuma a irin wannan gyaran tsayuwar ne ake take ƙani a ƙofar gida. Yaro ba ya buɗe murfin lagireto inji da zafi, ruwan yana iya feshowa ya sale fuska. Ba ya watsa ruwa a inji, ba ya wasa da batir don ruwan cikinsa yana ƙona fata, ba a kuma ba shi fetur ko kananzir ya goge tabo.

Mafi girma a cikinsu: in an gama, a ƙirga yara, a leƙa ciki har but, sannan a kulle. A watan Afrilu zafin garuruwanmu yana kai digiri 40. Motar da ke rufe a rana, cikin minti 10 zafin cikinta yana ƙaruwa da wajen digiri 10, cikin awa ɗaya kuma ya haura na waje da fiye da digiri 20. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, nesa ba kusa ba. A watan Disambar 2021, a yankin Badagry ta jihar Legas, an tarar da yara 8 sun rasu a cikin wata mota da ke ajiye. Shiga mota a wurin yaro abu ne mai sauƙi, fitar ce ke gagara. Saboda haka a koya musu mota ba wurin ɓuya ba ce, ba ɗakin wasa ba ce. A koya musu in sun maƙale su danna hon kada su saki, don a motoci da yawa yana yin ƙara ko babu makulli. Tsohuwar motar da ta mutu aka jingine a lungu, a kulle ta ko a yi magana da mai ita a ɗauke. In kuma an nemi yaro an rasa, bayan rijiya, wuri na gaba da za a duba shi ne cikin motocin da ke kusa. Wannan ko wadda ba ta da mota ta kai shi gida, ta kuma faɗa wa maƙwabta.

Abu na ƙarshe ya dawo kanmu manya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In uwa ta sha ruwan leda ta sauke gilashi ta wurga a titi, in uba ya ci tsire ya cusa takardar a aljihun ƙofa, duk dokar da aka kafa ta rushe a take, don idon yaro ya fi kunnensa aiki. Ledar nan da ake wurgawa ita ke toshe magudanan ruwa, damina ta zo ruwa ya shigo mana ɗaki. Ita awakinmu ke haɗiya su rame su mutu. Tsaftar da za a kwashe daga cikin mota a zubar a kan titi ba ta cika tsafta ba. Mu kai wannan saƙon ga iyayen gida cikin lalama, tunda da yawa su ke riƙe da sitiyari. In yara suka ga Baba da kansa ya tsinci takardarsa ya jefa a ledar shara, an gama rabin aikin.

'Yan'uwa, dukkanmu nan muna tara abin da muke fata wata rana mu bar wa 'ya'yanmu, ko shago, ko keke, ko fili, ko jarin da ke littafin ƙungiya. Mun sha ganin dukiyar da uwa ta yi shekara 30 tana haɗawa ta watse cikin shekara 2, saboda waɗanda suka gada ba su taɓa riƙe komai ba sai cokali. Yaron da aka danƙa wa madubi ya riƙe, gobe za a iya danƙa masa makullin shago. Wadda ta iya lura cewa taya ta yi ƙasa, gobe za ta lura in lissafi bai cika ba.

Roƙonmu ɗaya ne. Kowa in ta koma gida, cikin makon nan ta tara yaranta ta yi rabon nan, a kan mota ko a kan duk abin da gidan ke ci da shi. A gwada na wata uku. A taron wata na huɗu kwamitinmu zai nemi a ba shi minti 15, kowa ta faɗi abin da ta gani, wanda ya yi da wanda bai yi ba, mu ƙaru da juna.

 Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da muke nema, ya maimaita mana ta baɗi da lafiya. A sauka gida lafiya.